Auraki Ya Sha Faɗa, Manzo Ya Iya Rijiya

A Zangon Aduwa, wani ɗan ƙauye a ƙasar Damargu, tsakanin Gangara da Tanut, an yi wani mutum ana ce masa Manzo Mai Jimina. Laƙabin ba na banza ba ne. Ubansa kiwon jimina ya yi har ya mutu, shi ma ya tashi ya gaji garken. Sanda duniya ke kwance, fataken Tarabulus kan sauka Damargu da raƙuma su sayi gashin jimina su ƙetara hamada da shi, wai matan Turawa ke soka shi a hula. Manzo bai taɓa gane amfanin yin haka ba, amma ya gane amfanin gero da tufafin da gashin ke kawo masa gida. Kuma ya iya aikin, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sai ya fige gashi tsuntsuwa ba ta ko zabura ba, ya jera shi a hankali, ya ɗaure da wani sassauƙan ƙulli nasa na kansa, don kada ko ƙwaya ɗaya ta karye. Hannunsa laushi gare shi kamar na ungozoma.

Sai kiɗa ya canza. Fatake suka rage zuwa, daga baya suka ɗauke ƙafa ɗungurungum. Manzo ya ce za su dawo. Shekara bakwai yana faɗin haka, yana ciyar da tsuntsaye masu cin tsiya, har matarsa Kulu ta gaji ta ce masa, “Maigida, jiminar nan ita ke kiwonmu ko mu ke kiwonta?” Ta ƙarshe ya sayar wa wani Buzu ita a kasuwar Tanut. Ya dawo gida da shekara hamsin da uku a kansa, da damina ya yi noma kamar kowa, da rani ya zauna gindin aduwa yana tufkar igiya.

A ranin 1923 ne, bisa lissafin Nasara, rijiyar garin ta rufta. Ba ita kaɗai ta tafi ba, ta tafi da Abdu, magidancin da ya shiga yasarta. Daga ranar mata suka koma ɗaukar jakuna tun da sassafe, su yi tafiyar rabin yini kafin su ga ruwa. Kulu, ita ma, takan dawo ƙafafunta sun kumbura. Maigari ya tara magidanta ya ce, “Jama'a, bana dai mu daure. Amma baɗi in bazara ta kama ba rijiya a garin nan, kowa ya ɗaure kayansa, Gangara za mu koma.”

Maganar ta soki Manzo. A garin nan aka binne cibiyarsa, a nan kabarin ubansa yake, da na ƴaƴansa uku da suka mutu suna ƙanana. Ya ce a ransa, jimina ta tafi na haƙura, amma garin ba zai tafi ina kallo ba.

To, ai da mai haƙar rijiya a garin. Ila ke nan, gwani ne, ya gaji sana'ar wajen kawunsa. Sai dai rijiyar Damargu ba ta haƙuwa da mutum ɗaya, don mai zurfi ce, tana kai gaba ashirin. Dole a sami biyu da suka iya, ɗaya a ƙasa ɗaya a baki, suna canji, domin numfashi kan yi wuya a can ciki. Abokin aikin Ila kuwa shi ne Abdun da ƙasa ta danne. Ila ya bi samarin garin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya noƙe. Wani ya ce uwarsa ta hana, wani ya ce ƙirjinsa na ciwo. Ƙarti majiya ƙarfi, masu cinye akushin tuwo su kaɗai! Abin haushi.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko, Manzo ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi zai koya. Aka bushe da dariya. Wani ya ce, “Haba Mai Jimina, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Manzo ya shafa gemunsa ya ce, “Gemu ba ya hana ilmi. Ku da kuke ɗanyun, me ya hana ku tanƙwaruwa?”

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Ila. Ya sunkuyar da kai, gumi na keto masa. Dalili kuwa, Ila shi ke auren Rabi, ƴar Manzo ta uku. Surukinsa ne. Shekara tara da auren, Ila bai taɓa kallon tsakiyar idon Manzo ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba ko a bayan idonsa. In ya hango shi a hanya tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, in da hali ma ya ratse ta bayan danga. Yau ga shi an ce wannan mutum zai zama ɗan koyo a hannunsa. Ta ina zai fara ce masa ɗauko wancan, ajiye wannan?

A lokacin wani makiyayi, Aghali, ya riga ya kira Ila ya haƙa masa rijiya a arewa, wajen Tenhiya, kuma yana da mutanen da za su ja ƙasa. Aka shirya a can Manzo zai koya, in ya iya su dawo su haƙa ta gida a rani mai zuwa. Kulu ta ce ita ma ƙafarta ƙafarsu, ba ta yarda a kawo mata labari ba, gara ta gani da idonta. Rabi ta bi mijinta. Suka kafa rumfuna biyu na zana, nesa da juna yadda ya kamata, suka ɗaure jakin Ila a tsakani. Sunan jakin Auraki, shi ke jan igiya in za a fito da ƙasa ko mutum.

Haƙa ba ta ba Manzo wuya yadda aka zata ba. Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya warke, ya iya riƙon dagi. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗauri. Ƙasar can rairayi ce, ba ta tsayuwa da kanta. Duk kamu biyu da aka haƙa sai a jera itatuwa a kewaye jikin ramin, a sarƙe su da juna, sannan a cusa dammunan ciyawar gamba a bayansu, a kirɓa da guntuwar taɓarya har su yi tauri, don kada rairayi ya sami kafar zubowa. Manzo ya kalli yadda Ila ke yi, ya kwaikwaya. Amma hannun da ya shekara arba'in yana lallaɓa gashin jimina bai san kirɓa ba. Sai ya ɗaure gamba da ƙullinsa sassauƙa, ya kwantar da ita bayan itace a hankali, ya shafa ta, ya fito yana murna.

Ila ya sauka ya duba, gabansa ya faɗi. Ya fito. Manzo ya tambaye shi, “Yaya aikin?” Ila ya dubi ƙasa ya ce, “Madalla, Baba.”

Da yamma ya ce wa Rabi, “Gambar Baba ba ta shiga ba ko kaɗan. In ba a kirɓa ta da ƙarfi ba, ramin nan zai kashe mutum. Ki san yadda za ki yi ya ji.” Rabi kuwa ina ita ina faɗa wa ubanta aikinsa zai kashe mutum? Ta je wajen uwarta ta ce, “Inna, wai a ɗan ƙara danna ciyawar.” Kulu ta dubi mijinta da ya dawo a gajiye, bayansa na ciwo, tausayi ya kama ta. Ta ajiye masa fura ta ce, “Mijin yarinyar nan ya yaba da hannunka. Wai sai dai ɗan abin da ba a rasa ba.” Manzo ya sha furarsa ya yi hamdala.

Kun ji fa yadda gyara ke tafiya a gidan masu kunya. Ya fito daga bakin Ila da ƙaya, kafin ya ratsa baki biyu ya zama auduga. Haka aka yi ta yi har kwana goma sha tara.

Abin da ya tona asiri ƙulli ne. Wata rana Manzo na sauka, idonsa ya kai kan dammunan da ya sa jiya, ya ga ba ƙullinsa ba ne. Ya taɓa, ya ji tauri kamar dutse. Ya duba na shekaranjiya, haka. Washegari da ya idar da sallar asuba bai tsaya lazimi ba, ya nufi rijiya. Ya tarar da Rabi riƙe da Auraki, daga cikin rami kuma ana jin tim, tim, tim. Ila ne a ciki, yana warware aikin surukinsa yana sakewa, kamar yadda yake yi kullum kafin tsohon ya iso. Rabi na ganin ubanta ta daskare a tsaye.

Wallahi ranar Manzo ya ji zafin da bai ji ba ko sanda ya sayar da jiminarsa ta ƙarshe. Kwana goma sha tara yana tsammani yana koyo, ashe wasan yara ake yi da shi, ana lallaɓa shi kamar mara lafiya. Ya jira Ila ya fito, ya ce masa, “Zauna.” Ila ya durƙusa can nesa.

“Na baro garina na zo nan don in iya, ba don a ce mini madalla ba,” in ji Manzo. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ci gaba da rufa mini asiri, baɗi ni zan ɗaure rijiyar gida, kai za ka shiga ƙarƙashinta. Ka fi so ka ji kunyata, ko ka fi so ƴata ta yi takaba?”

Ila ya ƙara sunkuyar da kai. Daga ƙarshe ya ce, “Baba, a gafarce ni. Bakina ba zai iya ba.”

Manzo ya san gaskiya ya faɗa, don shi ma haka ya yi wa uban Kulu har mutumin ya bar duniya. Ya shiga dube-dube, sai idonsa ya faɗa kan jaki. Ya ce, “To, wancan fa? Shi ma surukinka ne?” Ila ya ce a'a. “Kana iya yi masa faɗa?” Ila ya ce kullum ma yi yake. Manzo ya ce, “Shi ke nan. Daga yau duk abin da na ɓata, Auraki ne ya ɓata. Ka faɗa masa da ƙarfi, yadda na cikin rami zai ji.”

Ran farko da kyar Ila ya iya cewa, “Auraki, a ɗan ƙara kirɓawa.” Manzo ya ɗaga murya daga ƙasa, “Auraki bai ji ba!” Kafin mako ya zagayo baki ya buɗe. Sai ka ji Ila ya fito daga duba ɗauri, ya tsaya gaban jaki ya riƙe ƙugu: “Kai Auraki, wannan wane irin aikin banza ne? Gamba ce ko jaririya, da kake shafa ta? Itacen nan na gabas ya karkace, makaho ma ya gani. Koma ka sake!” Jaki ya kaɗa kunne. Manzo ya ɗauki taɓarya ya koma rami. Mutanen Aghali har faɗuwa suke don dariya, Aghali kansa ya ce bai taɓa ganin jakin da ya sha zagi a kan laifin wani kamar wannan ba. Kulu dai ba ta so, takan ce, “Yau kuma me bawan Allah Auraki ya yi?” Manzo ya ce, “Ya yi laifi, kuma an gaya masa gaskiya.”

Nan ne na fi jinjina wa mutumin nan. Dattijo mai furfura, wanda a da fatake ke durƙusa wa su gaishe shi, ya tsaya ana wanke shi tas a gaban baƙi, shi kuma ya kasa kunne yana tsintar abin da zai amfane shi. Wani ɗaurin sai ya sake shi sau huɗu. Ya koyi sanin ƙasa da ɗanɗano, ya koyi jin lokacin da numfashi ya fara gajarta tun kafin jiri ya zo. Rijiyar Aghali ta ba da ruwa a gaba goma sha shida, suka koma gida suka yi noma.

Ana gama girbi suka kafa dagi a Zangon Aduwa, gabas da tsohuwar rijiya. Wata huɗu suna yi, su biyu suna canji, samarin da suka ƙi shiga rami suna jan ƙasa da saro itace. Aka wuce gaba goma, aka wuce sha biyar, ba ko danshi. Zafi ya fara, wasu gidaje suka soma ɗaure kaya a ɓoye. Maigari ya zo bakin rami ya ce, “Manzo, na ba ku kwana ashirin. Ba don na ƙi ku ba, mata sun gaji.”

Ran kwana na shida, da rana tsaka, Manzo ke ƙasa a gaba goma sha tara. Ya kafta dagi sai ya ji ya shige da laushi. Ya damƙo ƙasar, ya ji sanyi a tafin hannunsa. Ya yi kabbara, muryarsa ta hau sama. Kafin ka ce kwabo garin ya taru a baki, maza da mata, har Maigari da liman.

Ila bai shiga murnar ba, yana kwance rub da ciki yana leƙen rami, don a wannan lokacin ne kaɗai rana ke haska cikinsa. Sai ya ga wani siririn farin rairayi na tsiyaya daga bangon ƙasa, inda aka haƙa da safe ba a kai ga ɗaurewa ba. Ya san wannan rairayin, shi ya ci Abdu. Ya ce, “Auraki, a fito!” Manzo ya ji, amma ya saba da faɗan Auraki, ga kuma ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce, “Auraki na zuwa, saura kaɗan!” Ya ci gaba da haƙa. Ila ya ce, “Baba, a yi haƙuri a fito.” Hayaniyar mutane ta shanye maganar. Tsiyayar ta yi kauri kamar taɓarya.

Sai Ila ya cika ƙirjinsa da iska, a gaban Maigari, a gaban liman, a gaban Kulu, ya kwarara ihu: “Manzo! Kai Manzo! Kurma ne kai? Yar da dagin nan ka kama igiya!”

Jin sunansa daga wannan bakin ya sa Manzo ya san babu lafiya. Ya saki dagi ya cafki igiya, Rabi ta tsula wa Auraki bulala, samari suka kama suka taya shi ja. Bai kai gaba uku da tashi ba bangon ƙasa ya ɓalle, ya rufe inda yake tsaye, ƙura ta turnuƙe. Aka fito da shi fari fat, yana tari, hannunsa na hagu a dunƙule.

Mata suka rufe baki. Ila ya ja da baya ya durƙusa, ya rufe fuskarsa da hannu biyu, shi a ganinsa ya gama zubar da mutuncinsa a garin. Manzo ya taka har gabansa, abin da bai taɓa yi ba, ya kamo hannunsa ya buɗe, ya zuba masa jiƙaƙƙiyar ƙasar da ya fito da ita. Ya ce, “Sunan nan ubana ya raɗa mini shi da rago. Tun da aka raɗa shi ba a taɓa kiransa ranar da ya yi mini amfani kamar yau ba. Tashi, malamina, muna da aiki.”

Da ƙura ta lafa Ila ya sauka ya duba. Abin da ya rufta kamu biyu ne na ƙasa, inda ba ɗauri. Duk abin da ke sama, har da rabin da Manzo ya ɗaure da hannunsa, ko gezau bai yi ba. Kwana goma sha ɗaya suka yi suna kwashe rairayi suna ɗaurewa taki-taki. Ran na sha biyu guga ya fito da ruwa, ja ne, mai laka, amma ruwa ne. Aka miƙa wa Maigari ƙwaryar farko, ya ce a ba Kulu. Ta sha, ta fashe da kuka. Waɗanda suka ɗaure kaya suka koma suka kwance.

Ila kuwa tun daga ranar ihun ya koma gidan jiya, kai a sunkuye, takalmi a hannu, bai ƙara kama sunan ba har abada. Manzo ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, ya haƙa rijiya tara a Damargu, huɗu daga ciki shi ne babba a kansu, har laƙabin Mai Jimina ya ɓace aka koma ce masa Manzo Mai Rijiya. Amma in aka tambaye shi ranar da ya fi jin daɗi a duniya, ba ya cewa ranar da ruwa ya fito. Yakan ce washegarinta ce.

A ranar da hantsi, mutane na cike a bakin rijiya ana ɗiba, Ila ya zo ya kwance jakinsa. Ya tsaya yana shafa masa wuya, bai dubi kowa ba, ya ce da ƙarfi yadda na zaune gindin aduwa zai ji, “Auraki, ɗaurinka ya riƙe. Ka iya. Ba ni da sauran abin da zan koya maka.”

Manzo na zaune da igiya a hannu. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, ya daɗe bai sauke ba.